Kalmar "Ƙasar Waje" a Rubutun Likitanci da Kimiyya: Tambayoyi da Amsoshi

An tattaro waɗannan tambayoyi ne daga bakin ɗaliban likitanci da na jinya da na gwaje-gwaje a Katsina da Daura, da kuma ƙananan likitoci masu shirin aika rahoton majinyaci zuwa mujalla a karo na farko. Da wuya kundi ya biyo ta hannuna ban ja layi a ƙarƙashin kalmar "abroad" ta Ingilishi ba, ko takwarorinta na Hausa, wato "ƙasar waje" da "ƙetare", idan takardar wayar da kan jama'a ce. Kalma ce mai sauƙi a baki, amma a takardar asibiti tana iya lulluɓe ainihin abin da mai karatu ya zo nema.

Mece ce ma'anar kalmar, kuma me ya sa masu duba rubutu suke yawan tsayawa a kanta?

Ma'anarta a Ingilishin yau ita ce kowace ƙasa da ba ta mai magana ba. Matsalar ita ce kalmar ba ta da mazauni nata na kanta, domin tana cikin jinsin kalmomi irin su "nan" da "can" da "jiya", waɗanda ba a gane abin da suke nufi sai an san wanda ya faɗe su da kuma inda yake tsaye. Idan mutum biyu suna hira a Ƙofar Soro babu ruɗani, tun da duk sun san ƙasar da suke ciki. Maƙalar kimiyya kuwa ba ta zama inda aka haife ta: a Katsina za a rubuta ta, a buga ta a Ibadan ko Landan, wani kuma ya karanta ta a Alƙahira bayan shekara goma.

Likitan Ingila da ya rubuta cewa majinyacinsa ya kamu da zazzaɓin cizon sauro a ƙasar waje, mai yiwuwa Funtuwa yake nufi. Haka nan maƙalolin da ake fassarowa daga Sinanci suna yawan buɗewa da cewa masana "na gida da na waje" sun yi nazarin abu kaza, kuma a wannan jimla Amurka da Jamus da Najeriya duk suna cikin buhu ɗaya. Babu wanda ya haramta kalmar. Ra'ayina dai shi ne duk inda marubuci ya san sunan ƙasar, to sunan ya fi kalmar amfani, inda kuma fayil bai ambata ba, ya faɗi haka a fili.

Malam, na ci karo da kalmar a wani tsohon rubutun likitanci, kuma babu maganar tafiya a wurin. Yaya aka yi haka?

Kalmar tana da tsohuwar ma'ana wadda ta girmi ta ƙetare iyaka, wato abu ya bazu ko'ina, ko mutum ya fita daga gida zuwa fili. Saboda haka idan tsohon likita ya rubuta cewa annoba tana "abroad" a gari, nufinsa ta bazu cikin jama'a, kuma idan ya ce majinyaci ya sami damar zuwa "abroad", nufinsa ya warware har yana iya fita shan iska. Wannan ma'ana ta kusa mutuwa a rubutun kimiyya na yanzu, don haka a gane ta idan an gan ta, amma kada a yi amfani da ita.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, domin "waje" tamu ma haka take. Akwai wajen ɗaki, akwai wajen ganuwa, akwai wajen ƙasa. Idan nas ta rubuta a takardar miƙa aiki cewa "an fitar da shi waje", mai karɓar aiki yana da haƙƙin tambaya: farfajiyar asibiti aka kai shi, ko Indiya?

Daidai ne a rubuta "to abroad" ko "in abroad"?

Ba daidai ba ne a Ingilishin da mujallu suke karɓa. Kalmar bayanau ce, ba suna ba, saboda haka ma'anar "zuwa" da ta "a" suna cikinta tun asali, kuma ana cewa mutum ya yi tafiya "abroad" ko yana zaune "abroad" ba tare da ƙarin komai a gabanta ba. Wadda aka saba ganin ta shiga gabanta ita ce "from", idan ana maganar dawowa ko shigo da kaya. Kuskuren yana zuwa ne daga Hausa, inda "ƙasar waje" suna ce mai karɓar "zuwa" da "a", sai ɗalibi ya ɗauki ginin jimlarmu ya ɗora wa Ingilishi.

Mene ne bambancinta da "overseas" da "foreign" da "international"?

Ta farko tana ɗauke da ma'anar tsallaken teku, kuma ta dace da mutanen tsibiri irin Birtaniya da Ostireliya, waɗanda kusan duk ƙasar da za su je sai sun haye ruwa. Ga mutumin Katsina ba ta dace da Nijar ko Cadi ko Kamaru ba. Ta biyu siffa ce, ana jingina ta ga suna, amma a likitanci tana da wata ma'ana dabam da ya kamata a kiyaye: idan aka ce "foreign body", ana nufin baƙon abu a cikin jiki, kamar ƙwayar gyaɗa a hancin yaro ko ƙayar kifi a maƙogwaro, kuma babu ruwan wannan da wata ƙasa. Ta uku tana nufin abin da ya haɗa ƙasashe biyu ko fiye, wanda a Hausa muke cewa "na ƙasa da ƙasa".

A nan ne ɗalibai suke yawan zamewa. Binciken da aka yi a asibiti ɗaya a Turkiyya bai zama na ƙasa da ƙasa ba don kawai ba a Najeriya aka yi shi ba. Binciken Turkiyya ne, kuma haka ya kamata a kira shi. Akwai ƙarin bayani a amsar da ta shafi bitar ayyukan magabata.

Majinyacinmu ya je Maraɗi biki. Shin wannan tafiya ce zuwa ƙasar waje?

A takarda, ƙwarai kuwa. A bakin majinyaci kuma, da wuya ya kira ta haka, kuma wannan giɓi tsakanin takarda da baki shi ne abin da ya fi damuna a duk wannan batu. Maraɗi ta fi Kano kusa da Katsina, balle a yi maganar Abuja. Gidan sarautar Katsina na dā ne ya kafa ta bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, shi ya sa har yau ake kiran sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi, kuma iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta ratsa ta tsakiyar dangi ne. Wanda ya bi ta Jibiya ya shiga Ɗan Isa, ko ya bi ta Kongolam daga Daura ya nufi Matamai da Damagaram, a ganinsa zumunci ya je ko cin kasuwa. Idan ka tambaye shi, "Baba, ka fita ƙasar waje kwanan nan?" zai ce maka a'a da zuciya ɗaya, domin a wurinsa ƙasar waje ita ce wadda ake hawa jirgi a je.

Amma Nijar tana da nata tsarin kiwon lafiya, da nata jadawalin rigakafi, da nata rajistar cututtuka da ake aikawa Yamai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa-ƙasa take ƙidayar masu cuta. Sanƙarau da ƙyanda da kwalara ba sa tsayawa a shingen kwastan, shi ya sa ake daidaita ranakun rigakafin shan inna tsakanin ƙasashen biyu. Yaron da aka kwantar a Daura alhali a tsallaken iyaka ya kamu, idan ba a rubuta inda ya fito ba, jami'an can ba za su san cewa akwai wuta a unguwarsu ba.

Saboda haka a sauya tambayar. A ce, "Baba, a cikin wata guda da ya wuce, ina da ina ka kwana?" sannan a bi da, "Ka leƙa Nijar? Ka ci kasuwar Mai'aduwa ko ta Jibiya? Kun yi baƙi daga tsallake?" A rubuce kuma a sa sunan gari da na ƙasa tare: Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. A kula da wani abu guda: an san tsofaffin ƙauyukan bakin iyaka da kiran ɓangaren Nijar "Faranshi", kuma ɗalibin da bai san wannan ba zai iya rubuta cewa dattijo ya dawo daga Faransa.

To, me ya kamata a rubuta a tarihin tafiyar majinyaci maimakon kalmar?

Abu huɗu ne ba a yi musu rangwame: ƙasa da gari, ranar tafiya da ranar dawowa, abin da ya kai shi, da abin da ya yi hulɗa da shi a can, kamar dabbobi, ko gawa, ko gadon asibiti, ko ruwan kogi. Ranakun su ne ginshiƙi, domin kowace cuta tana da kwanakin da take kwanciya a jiki kafin alamunta su bayyana. Zazzaɓin shawara yana ɗaukar kwana 3 zuwa 6, Ebola kwana 2 zuwa 21, zazzaɓin Lasa kwana 6 zuwa 21, kwalara kuwa daga 'yan sa'o'i zuwa kwana 5. Mutumin da ya dawo wata uku da suka wuce, yau kuma ya fara zazzaɓi, ba Ebola ya ɗauko a tafiyar ba, amma mai karatu ba zai iya yanke wannan hukunci ba idan abin da aka ba shi kawai shi ne "ya dawo daga waje kwanan baya".

Ebola ta shigo Najeriya ne a ranar 20 ga Yuli 2014, lokacin da wani matafiyi ya sauka a Legas daga Laberiya. Sanin cewa Laberiya ce, ba wata ƙasa ba, yana cikin abin da ya sa Dakta Stella Adadevoh ta yi zargin cutar ta kuma hana shi barin asibiti, matakin da ya ceci jama'a da yawa ko da yake ita ta rasa ranta. A ɗaya ɓangaren, mutum na farko da aka tabbatar yana da korona a Jihar Katsina, a Daura cikin Afrilun 2020, tafiyar da aka ambata a tarihinsa ta cikin gida ce, zuwa Legas. Fom ɗin da ke tambayar "ka fita waje?" kaɗai ba zai kama irin wannan ba.

Mene ne bambancin cutar da aka shigo da ita da wadda aka kama a gida?

Masana yaɗuwar cututtuka suna raba masu cuta bisa inda suka kamu, ba bisa inda aka gano su ba. Wanda ya kamu a wata ƙasa aka gano shi a nan, ana kiransa wanda ya shigo da cuta. Wanda ya kamu a nan daga hannun wancan kai tsaye, yana mataki na biyu. Idan kuma cutar ta ci gaba da yawo tsakanin mutanen da babu wanda ya yi tafiya a cikinsu, to ta zama 'yar gida. Takardar mutum ta zama ɗan ƙasa ba ta shiga wannan lissafi: Bakatsine da ya kamu a Sudan ya dawo gida, shigo da cutar ya yi, Basudane da ya kamu a Katsina kuwa a gida ya kama ta.

Wannan rabe-rabe yana da nauyi a hukumance. An ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, wato wadda ba daga maganin rigakafi ta samo asali ba, a ranar 25 ga Agusta 2020, shekara huɗu bayan ganin ta na ƙarshe a Jihar Borno a 2016. A Fabrairun 2022 sai aka sanar da samun ta a jikin wata yarinya a Malawi, amma ba a janye matsayin nahiyar ba, domin gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna cewa tushenta Pakistan ne. Wato gwaji ya ambaci sunan ƙasa, kuma sunan ne ya yanke hukunci.

Alhazai da masu Umra fa? Ai kowa ya san inda suka je.

Kowa a nan ya sani, amma mai karatu a Japan bai sani ba, kuma "ƙasa mai tsarki" tana da ma'ana dabam a wurin mabiya wasu addinai. A rubuta Saudiyya, a ambaci Makka ko Madina, a faɗi ko Hajji ne ko Umra, domin cunkoson ba ɗaya ba ne. Barkewar sanƙarau nau'in W135 a aikin Hajjin 2000 da 2001, wanda alhazai suka koma da shi ƙasashensu, ita ta sa Saudiyya ta wajabta allurar da ke kare nau'i huɗu, wadda ake yi aƙalla kwana 10 kafin isa. Akwai kuma cutar numfashi ta MERS da aka fara ganowa a Saudiyya a 2012, mai alaƙa da raƙuma, wadda take bayyana cikin kwana 2 zuwa 14. Alhajin da ya dawo da tari da zazzaɓi, yawanci mura ce ta gajiya da cunkoso, amma rahoto mai kyau zai faɗi ranar saukarsa da ko ya kusanci raƙumi ko ya sha nononsa.

Haka ma "ya tafi gabas" ba ta wadatar ba, tun da a bakin mutanenmu tana iya nufin Makka, ko Sudan, ko karatun allo a Borno.

Idan an yi wa majinyaci aiki a Indiya ko Masar, me ya sa ake matsa mana mu faɗi asibitin da kwanakin da ya yi?

Saboda kwanciya a asibiti tafiya ce ta musamman. Ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga asibiti zuwa asibiti, kuma wanda aka yi wa dashen ƙoda ko aka sa masa robar fitsari yana iya dawowa da su a jikinsa ba tare da wata alama ba. Sinadarin da ake kira NDM-1, wanda ke sa wasu ƙwayoyin cuta su gagari manyan magunguna, an fara gano shi ne a 2008 a jikin wani majinyaci a Suwidin wanda aka taɓa kwantarwa a Niyu Delhi. Tun daga lokacin asibitoci da dama a Turai suke yi wa duk wanda aka kwantar a wata ƙasa cikin shekara guda gwaji kafin su haɗa shi da sauran majinyata.

A rahoto, a faɗi ƙasar, da irin aikin, da watan da aka yi shi, da tsawon kwanciyar, da magungunan da aka sallame shi da su. Sunan asibitin kansa yana da amfani a fayil, amma ba lallai ne ya fito a maƙalar da za a buga ba, kamar yadda aka yi bayani a amsar da ta shafi sirrin majinyaci.

Sakamakon gwajin da aka zo da shi daga waje, haka za mu kwafe shi?

A'a, sai an duba ma'auni. Sukarin jini na mai azumin gwaji da ya kai 7.0 a ma'aunin milimol cikin lita, wanda shi ne iyakar da ake fara kiran ciwon suga, shi ne 126 a ma'aunin miligiram cikin desilita da ake amfani da shi a Indiya da Masar da Amurka, ana raba na biyun da 18 a sami na farkon. Takardar da ta fito daga ɗakin gwaji a Maraɗi ko Damagaram kuma tana iya nuna 1,26 a ma'aunin giram cikin lita bisa al'adar Faransa, da waƙafi a inda muke sa ɗigo. Lamba uku ke nan, jini ɗaya. Wanda ya ga 1,26 ya ɗauka ma'aunin da ya saba ne, zai zaci sukarin majinyaci ya faɗi warwas, ya ɗaura masa ruwan suga. A gwajin ƙoda ma haka ne: ana ninka lambar kiriyatinin ta miligiram da 88.4 a sami ta maikiromol.

Kwanan wata ma yana yaudara. A takardar Amurka 03/04 tana nufin 4 ga Maris, a tamu kuwa 3 ga Afrilu, kuma wasu takardun Saudiyya suna ɗauke da kwanan watan Hijira. Farasitamol da muka sani, a Amurka asitaminofen ake kiransa, don haka majinyaci zai iya haɗa biyun yana zaton magani biyu ne. Duk wannan ba a warware shi sai an san ƙasar da takardar ta fito.

A babin bitar ayyukan magabata, laifi ne in rubuta "binciken da aka yi a ƙasashen waje ya nuna"?

Wannan ita ce jimlar da na fi gogewa a kundaye. Tana haɗa ƙasashe kusan 200 ta mai da su wuri guda, sannan tana ɗauke da wani zato a ɓoye, cewa abin da aka gano a can ya fi na nan inganci, ko kuma ya shafe mu kai tsaye. Binciken sanƙarau da aka yi a Burkina Faso ya fi kusa da halin da Katsina take ciki fiye da wanda aka yi a Fatakwal, domin mu da Burkina Faso muna cikin zirin sanƙarau da ya taso daga Senegal zuwa Habasha, ga zafin bazara ɗaya, ga ƙurar hunturu ɗaya. A nan, na "waje" ya fi na "gida" zama namu.

Wani lokaci kuma akasin haka ne. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, kuma masu wannan hali sukan kasance da ƙarancin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini alhali lafiyarsu ƙalau. Idan aka auna su da mizanin da aka gina a kan Turawa, sai a ce suna da matsala. A hawan jini ma, gwajin CREOLE da aka gudanar a ƙasashe shida na Afirka kudu da Sahara ƙarƙashin jagorancin likitan zuciya ɗan Najeriya, Dike Ojji, aka buga a 2019, ya nuna cewa haɗin magani mai ɗauke da amlodifin ya fi wanda babu shi saukar da jini a tsakanin baƙaƙen fata. Da an dogara da abin da aka gano a "waje" kawai, da ba a ga buƙatar yin wannan gwaji ba.

Abin da nake so in gani a kundi shi ne jimla mai faɗin wane ne ya yi binciken, a wace ƙasa, a wace shekara, a kan mutum nawa kuma waɗanne iri. Idan ana son tsara babin, a tsara shi bisa kusanci da matsalar, kamar yankin Sahel, sannan sauran Afirka, sannan ƙasashe masu irin tattalin arzikinmu, maimakon kashi biyu na gida da waje.

Mun aika samfurin jini waje don gwaji. Yaya za mu bayyana wannan a sashen hanyoyin bincike?

A faɗi sunan ɗakin gwajin da garinsa da ƙasarsa, da yadda aka adana samfurin a hanya, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin a gwada shi, domin wanda zai maimaita aikin yana buƙatar duk wannan. Ƙa'idojin ɗa'ar binciken lafiya na Najeriya sun tanadi a rattaba hannu a kan yarjejeniyar miƙa samfur kafin a fitar da shi daga ƙasa, kuma ya kamata takardar amincewar da mahalarta suka sa wa hannu ta gaya musu, da harshen da suke ji, inda jininsu zai je.

Mutanen arewa suna da dalilin kula da wannan. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, a wurin kamfanin bincike ne da aka yi a "ƙasar waje", kuma shari'ar da ta biyo baya ta ta'allaƙa ne a kan ko an nemi izinin iyaye yadda ya kamata. Sanarwar Helsinki ta 1964, mai ɗauke da ƙa'idojin ɗa'ar binciken likitanci a kan mutane, wadda aka sabunta a 2024, ta shafi mahalarcin bincike a duk inda yake.

Ina rubutu a kan likitocin da suka yi karatu a waje da waɗanda suka tafi aiki waje. Kalma ɗaya ta isa?

Ba ta isa ba, domin rukuni uku ne. Akwai wanda aka haifa a wata ƙasa, akwai wanda ya yi karatu a wata ƙasa, akwai kuma wanda yake aiki a wata ƙasa, kuma mutum yana iya shiga ɗaya bai shiga sauran ba. 'Yar Katsina da ta karanta likitanci a Sudan ko Masar, sai ta ci jarrabawar tantancewa ta hukumar kula da aikin likitoci ta Najeriya kafin a yi mata rajista, amma ba baƙuwa ba ce. A batun masu tafiya kuma, sai a fayyace tsawon zama. Shawarwarin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1998 sun kira wanda ya yi wata 12 ko fiye mai ƙaura na dogon zango, wanda ya yi tsakanin wata 3 da 12 kuma na gajeren zango. Likitan da ya je kwas na wata shida ya dawo bai kamata a lissafa shi tare da wanda ya kwashe iyalinsa ya koma Saudiyya ko Birtaniya ba.

Idan na faɗi ƙasa da wata da irin aikin, ba na tona asirin majinyaci ba?

Tambaya ce mai kyau, kuma a garuruwanmu tana da ƙarfi. A Daura, idan aka ce dattijo ɗan shekara sittin da wani abu wanda aka yi wa dashen ƙoda a Indiya cikin watan kaza, rabin gari sun san shi. Mafita ita ce a bar abin da ilimi yake buƙata, a cire wanda ba ya buƙata. Sunan ƙasa yana nan, domin shi ne ke bayyana irin ƙwayar cutar. Ainihin ranaku kuma ana iya mai da su tazara, a ce alamun sun fara kwana 9 bayan dawowarsa. Unguwa da sana'a da sarauta da sunan asibitin can duk ana iya barin su. Bayan haka a nuna wa majinyaci ko waliyyinsa rubutun, a karɓi izininsa a rubuce, domin yawancin mujallu ba sa buga rahoton mutum ɗaya sai da wannan izini.

Ambaton sunan ƙasa ba zai jawo tsangwama ga mutanenta ba?

Akwai bambanci tsakanin faɗin inda mutum ya kamu da cuta da laƙaba wa cutar sunan wurin. Na farko bayani ne, na biyu tambari ne da ba ya gogewa. Murar 1918 da ake jingina wa Sifaniya ba a can ta fara ba, garin Lasa na Jihar Borno kuma tun 1969 ake kiran zazzaɓi da sunansa. Hukumomin Indiya ma sun nuna rashin jin daɗinsu da sunan NDM-1 da aka ambata a baya. Shi ya sa a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar daina sa wa sababbin cututtuka sunan wuri ko na al'umma, a 2021 kuma ta koma kiran nau'o'in korona da haruffan Girka. A rubuta cewa majinyaci ya kamu a Nijar idan haka ne, amma kada a rubuta "cutar 'yan Nijar".

A sanarwar rediyo ko takardar wayar da kai ta Hausa, wace kalma ta fi dacewa?

"Ƙasashen waje" da "ƙasashen ƙetare" duk Hausa ce mai kyau, kuma sun dace idan maganar ta shafi kowace ƙasa ba tare da bambanci ba, kamar a ce duk maganin da aka shigo da shi daga ƙasashen waje sai ya sami lambar NAFDAC. "Turai" kuwa a bar ta ga nahiyar Turai, domin jama'a suna faɗaɗa ta har ta haɗa da Amurka, wani lokaci ma da duk inda fararen fata suke. Idan sanarwar ta shafi wata annoba ce, a jera sunayen wuraren, kuma saboda dalilin da aka bayyana a amsar Maraɗi, a ambaci na kusa da sunayensu. Mai sauraro a Zango ko Ɓaure da ya ji "duk wanda ya dawo daga ƙasar waje" zai ci gaba da aikinsa, amma idan ya ji "duk wanda ya dawo daga Magarya ko Damagaram cikin mako biyun nan yana fama da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ya je asibiti mafi kusa yau", zai tuna da ƙaninsa da ya sauka shekaranjiya.